Wata shida ina tallar kayan wani shagon intanet

Wata shida ke nan ina yi wa wani shagon sayayya na intanet talla. Su ba ki mahaɗinki (link) na musamman, ki ɗora a WhatsApp, duk wanda ya bi ta nan ya sayi kaya, a ba ki kamasho. Ba jari, ba dakon kaya. Suna biya, sai dai sai wa'adin mayar da kaya ya wuce, ga shi kason bai taka kara ya karya ba.

Kafin in fara sai da na tambayi malaminmu na Islamiyya. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai dillanci ne, la'ada za ki ci." Ya ce Bukhari ya ware babi a kan ladan dillali, ya kawo cewa Ibn Sirin da Hasanul Basri ba su ga laifinsa ba. Amma kayan su zama halal, kuma kar in karɓi kuɗin mutane kamar kayan suna hannuna, saboda Annabi (SAW) ya hana Hakim bin Hizam sayar da abin da ba ya wurinsa.

Inda shagon ya ɓata min rai shi ne rubutun tallar da suke turo mana a shirye: "Saura uku kacal!" Bayan sati biyu ki duba, har yanzu saura ukun. Na taɓa ɗora wata kular abinci da irin rubutun nasu, har da cewa ta isa gida guda, ƙanwar mahaifiyata ta saya. Da ta iso, ko tuwon mutum biyu ba za ta ɗauka ba. Ta kira ni ta ce, "'Yata, wannan ce kika ce ta isa gida guda?" Kunya kamar in nutse. Hadisin nan na hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa ya faɗo min. Ni ce na cika mata kuɗinta.

Akwai kuma wani abu. Wanda ya shiga ta mahaɗina ya sayi wani abin daban, ana iya lissafa min kamashonsa, alhali shagon yana da kayan da ko a mafarki ba zan tallata ba. Malam ya ce in na gane irin wannan kuɗin, in fitar da shi.

Ina nan ina yi, amma ba na tallata kaya sai wanda na gani na riƙe da hannuna. Rubutun ma ni nake yin abina, har inci nawa kula take.