Kafin ka sayi na'urar kai wa maƙwabci Wi-Fi

Duk wanda ya sa rautar intanet a gida, ta MTN ce ko ta Airtel ko Starlink da ta shigo Najeriya a 2023, ba a daɗewa maƙwabci zai yi sallama ya ce, "Malam, me zai hana mu riƙa haɗa kuɗin wata?" Shawara ce mai kyau, ganin yadda data ke cin aljihu. Sai dai siginar da ta cika falonka da kyar take tsallake katanga, don haka kafin ka je kasuwa ka auna tazarar da ke tsakaninku, ka kuma ƙirga bangon da za ta ratsa. Bulon siminti da rodi da ƙofar ƙarfe da rufin kwano duk suna kashe sigina, katangar ƙasa mai kauri ma ba ta bar ta ba.

Abin da mutane suka fi rugawa su saya shi ne ripita, 'yar na'urar nan da ake sokawa a soket. Tana da araha, mai shago kuma zai rantse maka cewa za ta ninka nisa. Aikinta shi ne ta kama siginar rauta ta sake watsawa, kuma irin mai rediyo ɗaya a kan tasha guda take karɓa take aikawa, shi ya sa gudun ke raguwa kusan rabi. Sannan abin da ta samu shi take bayarwa. In an kai ta ɗakin maƙwabci inda sigina ta riga ta yi rauni, wayarsa za ta nuna sanduna a cike, bidiyo kuwa ya yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ripita ta dace da masu haya a gida ɗaya, inda za a sa ta a tsakiya, kusa da taga, bango ɗaya tak a tsakani.

In gidajenku na manne da juna, ni dai kebul zan ce ka saya. Wayar Cat6 tana kai intanet har mita 100 ba tare da gudun ya ragu ba. A ja ta daga rautarka zuwa gidansa, a jona ta da wata ƙaramar rauta, shi ke nan. Amma a kula wajen saye, domin kasuwa cike take da kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare bakin waya ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki, ajiye musu kayansu. Nemi wadda aka yi don waje, ko ka zura ta a bututun roba, in ba haka ba ranar bazara za ta busar da fatarta ta tsage. Kada kuma a rataye ta a sama daga rufi zuwa rufi ba tare da na'urar kare tsawa ba, don damina guda ta isa ta ƙona rautocin biyu.

Idan kuwa titi ya raba ku, ko nisan ya wuce mita 100, sai eriya ta waje, irin su TP-Link CPE510 ko LiteBeam ta Ubiquiti. Biyu ake saya, kowa ya kafa ɗaya a saman gidansa, su fuskanci juna. Suna iya kai kilomitoci, da sharaɗin suna ganin juna ƙuru-ƙuru. Waɗannan a kan zangon sigina na gigahaz 5 suke aiki, wanda ya fi ɗaya zangon Wi-Fi, na gigahaz 2.4, sauri da ƙarancin cunkoso amma bai iya ratsa abubuwa ba. Mai kafawa da rani ya tuna cewa darbejiyar da ke tsakani za ta ƙara ganye da damina. Maƙwabcin zai kuma buƙaci ƙaramar rauta a cikin gida, a sa ta a lissafi tun farko.

Na'urorin mesh, wato rautoci da yawa da ke haɗa kai su ba da Wi-Fi ɗaya, suna da kyau, amma da tsada, kuma don ɗakunan gida ɗaya aka ƙera su. Na'urorin da ke tura intanet ta wayar lantarki kuwa, tunda mitarku daban-daban, kada ma ka ɓata kuɗinka.

Sai maganar wuta. In an ɗauke a gidanka, shi ma intanet ɗinsa ya tafi ko da janaretansa na kunne. Ƙaramin batirin rauta yana maganin wannan, sai dai yawancin rautoci bolt 12 suke ci, eriyoyin nan kuma 24 ta cikin kebul, saboda haka a nemi batiri mai kafar PoE, wato kafar da ke tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet.

Rautar da za ka saya ta kasance tana da layin baƙi, wato Wi-Fi na biyu mai kalmar sirrinsa daban, domin na'urorin gidansa kada su riƙa ganin kwamfutarka da kyamarorinka. Ta kuma iya ƙayyade gudun kowa, in ba haka ba yaro ɗaya mai sauke finafinai zai tsayar da gidaje biyu. Duba tsarin datarka ma: da yawa daga cikin waɗanda ake kira marasa iyaka suna rage gudu da zarar an kai wani adadi, wasu kamfanonin kuma sun hana sayar wa wani a sharuɗɗansu. Ku tsayar da ranar biya da wanda zai sayi sabuwar na'ura in ta ƙone, tun kafin a huda bango.