Yaran da suka kai mu Yankari daga Kano: ga yadda ta kaya

Tun bara nake ganin tallan wasu matasa 'yan nan Kano a WhatsApp, masu haɗa tafiya Yankari, su ne da mota, masauki, abinci da kuɗin shiga, kai naka kawai ka biya ka ɗauko jakarka. Bana cikin Maris na ce bari dai in gwada, ni da ƙanina.

Bari in fara da inda suka gaza. An ce shida na safe za a tashi daga Unguwa Uku, wallahi sai takwas saura muka bar gari, ana ta jiran mutum biyu, kuma esin bas ɗin tun kafin Birnin Kudu ya daina aiki, ga zafin Maris ga yara a ciki. Wannan kam ya kamata su gyara, don kuɗin da muka biya ba kaɗan ba ne.

Amma muna wuce Ningi muka shiga Bauchi muka kama hanyar Gombe, aka karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sai raina ya fara sanyi. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki ma tafiya ce ta sama da kilomita 40, daji ne iya ganinka, ai dole, filin ya haura murabba'in kilomita 2,200. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, yanzu yana hannun gwamnatin jihar Bauchi.

Abin da ya biya ni kuɗina shi ne dattijon da suka haɗa mu da shi ya yi mana jagora washegari da asuba. Baba ya san dajin nan kamar tsakar gidansa. Sai ya ce wa direba “ɗan tsaya ɗana”, ya nuna ƙasa ya ce sawun ɓauna ne na daren jiya, ni ban ga komai ba sai da ya zagaye shi da sanda. Shi ya fahimtar da mu dalilin da ya sa rani ya fi: ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro kogin Gaji su sha ruwa. Mun ga gwambaza, mun ga mazo, ga kada kwance a bakin ruwa. Giwa ba mu gan ta ba, sai kashinta da rassan da ta kakkarya. Na ce Baba yau ba rabo ke nan? Ya ce “giwa ba ta alƙawari da kowa, kuma ba yawa gare su kamar da ba, mafarauta sun yi ɓarna”. Yadda ya faɗa ɗin har cikin raina na ji.

Ruwan Wikki kuwa garau, kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana. Sai dai ku riƙe ledar abincinku da kyau, gwaggon biri ba ya jin kunya, a gabana ya fizge burodi a hannun wata baiwar Allah. Na ji daɗi da shugaban tafiyar ya hana kowa ba su abinci, kuma ya sa muka tsince robobin ruwanmu tas kafin mu tashi.

Zan sake bin su in sun sauya mota. A hanyar dawowa na tambayi shugaban tafiyar me ya hana su haɗa ta dajin Falgore, tunda namu ne, tsakanin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma kogin Kano da ke cika dam ɗin Tiga ta cikinsa yake ratsawa. Ya ce “Yaya, muna so, sai mun tabbatar da tsaro tukuna”. Na ce ya rubuta sunana a farko.