Littafin taswirar yara: shafin Tafkin Chadi ya biya kuɗina, amma ɗaurin ya ba ni haushi

Littattafan sabon zango na je saya a Sabon Gari, mai shagon ya miƙo mini wannan ya ce yara na sonsa. Kun san yadda kuɗin littattafan waje yake yanzu, sai da muka sha ciniki kafin ya sallama. Taswirori ne daga farko har ƙarshe: inda ake ƙarancin ruwa, inda dazuzzuka ke ƙarewa, inda mutane ke gudun hijira.

Kwana uku yana ajiye ba wanda ya kula shi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya biyo duba jikoki, 'yata mai shekara tara ta ɗauko littafin ta zauna gefensa a tabarma tana buɗewa, sai ga shafin Tafkin Chadi. Zane biyu ne gefe da gefe. Na 1963 shuɗi ne fal, kusan murabba'in kilomita 25,000, ya taɓa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Ɗayan kuwa ɗan shuɗi ne ya rage ta kudu.

Baba ya yi fataucin banda tsakanin Baga da Kano tun kafin a haife ni. Ya goge tabaraunsa da bakin riga, ya ce, "Amarya, matso mini da shi nan." Ba a ma rubuta Baga a taswirar ba, amma ya ɗora yatsa daidai wurin. Daga nan ya shiga ba ta labarin farin 1973, yadda ruwa ya riƙa janyewa masunta na binsa, har ya zama sai ka fita daga gari ka tafi Doron Baga kafin ka samu kifi. Ni da na tashi a gidansa ban taɓa jin wannan labarin tiryan-tiryan ba sai ranar, har na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Littafin ya bayyana cewa yawancin ruwan tafkin daga Kogin Shari yake zuwa ta kudu. Yarinyar ta bi wani siririn layi ta yamma da farcenta ta ce, "Kaka, wannan fa?" Ya ce mata ruwan da take gani a ƙarƙashin gadar Wudil ke nan, ya bi ta Haɗeja, ya wuce Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe. A daren nan cewa na yi zan koma in sayo wa 'ya'yan yayata nasu.

To, ko sati uku bai cika ba shafuka suka fara zarewa daga tsakiya, kuma wannan shafin ne ya fara fita. Littafin yara da aka san za a ja, a naɗe, a kwana a kansa, a ce gam kawai aka shafa ba ɗinki? Ina cikin liƙewa na lura Sudan ƙasa ɗaya aka zana, alhali Sudan ta Kudu ta ɓalle tun 2011. Ashe tsohon bugu aka sayar mini da sunan sabo, wannan ya ƙona mini rai sosai. Ga Girinlan, babban tsibirin nan na can arewacin duniya, a taswirar farko tana neman kamo Afirka a girma, bayan Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Sai da na zauna na warware wa yarinyar, don har ta yarda. Turancin ma ya yi wa 'yar aji huɗu nauyi, sai ina kusa ina fassarawa.

Na fasa sayen na 'ya'yan yayata sai na samu sabon bugu, kuma duk mai saye ya duba shekarar bugawa a shafin ciki kafin ya biya. Shafin tafkin da ya fita kuwa Baba ya ce a bar masa, na sa masa a leda ya tafi da shi gida.