Injin yankan ciyawa mai taya: ya biya ni, amma sai an kula da mansa

Duk mai fili a Zariya ya san halin watan Agusta. Ka share wuri yau, kafin ka ankara kyasuwa ta kai gwiwa, tafasa ta cika gindin katanga, ga fargabar maciji idan akwai yara. Ina da ɗan lambun mangwaro da gwaiba a hanyar Shika, kuma shekara da shekaru 'yan ƙwadago ne ke share min shi da adda da lauje. Da kuɗin aikin ya yi ta hawa, sai na sayi injin yankan ciyawa mai shan fetur, irin wanda ake turawa a kan manyan tayoyi biyu. Ya yi min aikin damina, ya kwanta da rani, na sake fito da shi, don haka ina ganin na san shi gwargwadon da zan iya ba wani shawara.

Injin ba shi da wuƙa. A gabansa akwai wani kai mai juyawa da ake saƙala wa igiyar nailan mai kaurin kusan milimita 4, ita ke dukan ciyawa ta tsinke ta, kuma faɗin abin da yake sharewa a tafiya ɗaya ya kai kusan santimita 55. Kyasuwa da harkiya da ƙaramar tafasa duk yana kwantar da su ba gardama. Tunda nauyinsa a kan taya yake, mutum zai yi aikin safiya guda bai ji ciwon baya ko na kafaɗa ba, wannan kuwa shi ne babban abin da ya fi wanda ake ratayawa a kafaɗa da shi. Gambar da ta riƙa ta yi kara tana cinye igiya da sauri. A gonar da aka yi wa kunya kuma ba shi da amfani ko kaɗan, domin tayoyin na faɗawa kwari, kan yana cakar ƙasa. Na filin da yake shimfiɗe ne: lambu, harabar makaranta, filin ƙwallo, fegin da ba a gina ba.

Maganar mai ita ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi, domin a nan na ga mutane na lalata injinansu. Da yawa sun saba da ƙaramin janareton nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, da kuma injin ciyawa na kafaɗa wanda shi ma akasari haka ake yi masa. Sai su ɗauka duk injin ciyawa haka yake. Mai tayar nan tsarinsa irin na babur Boxer ne: fetur zalla a tanki, baƙin mai a gidansa daban. Idan aka gauraya masa, sai hayaƙi, filogi ya yi baƙi, ya riƙa shaƙewa. Idan kuma aka juya lamarin, aka zuba wa na kafaɗa fetur zalla, injin zai lalace cikin ɗan lokaci. Wanda yake da su biyun ya ware wa kowanne jarkarsa, ya rubuta a jiki, musamman idan yaran gida ne ko mai gadi ke zuba man.

Sai tsabtar fetur ɗin. Ramukan da mai ke bi a cikin kafireton ƙaramin inji ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti ko ɗigon ruwa ya isa ya toshe su. Shi ya sa a gidan mai kawai nake saye, cikin jarkar da ba a taɓa zuba kalanzir ko gas a ciki ba, in kuma tace shi da mazurari da ƙyalle mai tsabta. Ban ce duk 'yan bumburutu na gurɓata mai ba, amma kwalbar da ta wuni a buɗe a bakin titi cikin damina ba abin da zan ba wannan injin ba ne. Wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022, da irin ɓarnar da ya yi wa motoci, ya san abin da nake nufi. Tankin bai wuce kusan lita ɗaya ba, don haka ko bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin fetur ɗinsa bai kai abin da nake biyan masu shara ba. Kar a zuba mai injin na da zafi. A kashe shi, a bar shi ya huce, domin salansa tana kusa da tanki.

Baƙin mai kuwa kusan rabin lita yake ci. Littafin nawa ya ce a juye na farko bayan awa 5 na aiki, daga nan duk bayan awa 25 idan wurin mai ƙura ne. Ya kuma ce a zuba mai lamba SAE 30 ko 10W-30. A shagunanmu 20W-50 ya fi yawa, sai mutum ya ɗan zagaya PZ ko Sabon Gari kafin ya dace, amma zagayen ya fi asarar inji. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba na kusantarsa. Ina duba ma'aunin kafin kowane aiki, injin na tsaye a daidaitaccen wuri. Idan za a karkata shi don cire ciyawar da ta naɗe, a tabbatar ɓangaren filogi na sama, in ba haka ba baƙin mai zai gangara ya jiƙa matatar iska, inji ya ƙi tashi. Kafin hannu ya je wajen kan nan kuma, a cire wayar filogi tukuna.

Matatar iska ta soso ce a nawa, ina wanke ta da ruwa da sabulu, ta bushe sarai, in ɗiga mata ɗan mai in matse. Ta takarda ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi ko a sauya.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne igiyar. Mai kaurin da ta dace da shi tana wuyar samu a Zariya, mafi yawan ta kasuwa siririya ce ta injin kafaɗa, kuma tana tsinkewa nan da nan. Duk sanda na samu mai kauri nakan saya da yawa. Hunturu na busar da ita ta riƙa karyewa, amma idan aka jiƙa ta cikin bokitin ruwa ta kwana, tana dawowa da laushinta. Yana kuma harba tsakuwa da ƙarfi, ƙasarmu kuwa ga marmara ko'ina. Ba na tayar da shi sai da tabarau da takalmi rufaffe da dogon wando, ba na kuma barin yara ko awaki a kusa. A guji kai igiyar jikin ƙananan dashe, tana saɓe musu ɓawo.

Wani abu da ya shafe mu musamman: a nan ciyawa daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Oktoba take, ma'ana injin zai yi kusan rabin shekara a kwance. Fetur kuwa idan ya wuce kamar wata guda a tanki yana fara lalacewa, ya bar wani danƙo a kafireto. Yawancin injinan da ake kai wa masu gyara a farkon damina ana cewa sun mutu, zaman nan ne ya yi musu illa. Da na gama sharar ƙarshe nakan bar shi yana aiki har man ya ƙare ya mutu da kansa, in kwance ƙusar ƙasan kafireto sauran ya tsiyaye, in juye baƙin mai tun da ɗuminsa in zuba sabo. Sai in cire filogi, in ɗiga mai kaɗan a ramin, in ja igiyar tayarwa a hankali, in mayar. Ina toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, in rufe shi gaba ɗaya saboda ƙurar hunturu. Da ruwan farko ya sauka na cire tsumman na zuba sabon fetur, bai ba ni wahalar tashi ba.

Mai ƙaramin tsakar gida ba ya buƙatarsa, lauje ya ishe shi. Mai babban fili shimfiɗaɗɗe, ko makaranta, ko kwamitin unguwa da za su haɗa kuɗi, ina ba su shawarar su saya, da sharaɗin mutum ɗaya ne zai riƙa kula da mansa. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago ko yana da igiya mai kauri da bel da matatar iska na irin injin, a saye su tare a rana ɗaya.