Famfon Aspen Mini Orange: ya yi, amma a haɗa masa wayoyin nan biyu

Aikina gyara da sanya na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, kuma wannan ɗan famfon, mai kwashe ruwan da esi ke zubarwa, shi nake kai wa duk inda tiyon ruwa ba shi da gangaren da zai bi, kamar ofis ɗin da ke tsakiyar gini. Kamfanin Aspen na Ingila ne ke yin sa. Yana jan lita 12 a awa idan ba hawa zai yi ba, yana iya tura ruwa sama har mita 10, ƙararsa kuma ba ta hana barci in an ɗaure shi da kyau a cikin silin. Kashi biyu ne: famfon kansa, da ɗan kwanon da ruwan esi ke taruwa a ciki, mai wani abu da ke tasowa da ruwa, da maganaɗisu a jikinsa. Kwanon nan sai ya zauna daidai, maganaɗisun yana kallon sama. In ya karkace, ko dai famfo ya ƙi tashi, ko ya tashi ya ƙi tsayawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne makunnin tsaro. Ban da wayoyin wuta, akwai wasu biyu, mai ruwan toka da shunayya. Sau tari in na buɗe aikin wani, sai in tarar an naɗe su da salatif an cusa a lungu. Wallahi abin na ba ni takaici, don rabin amfanin famfon ke nan aka zubar. Wuta na bi ta cikinsu muddin lafiya lau. Da zarar ruwa ya wuce iyaka a kwano, sai makunnin ya yanke. Saboda haka ana katse wayar da ke ta da kwampireso, wato injin da ke samar da sanyin, a sa waɗannan biyun a tsakani. Kwampireso ya tsaya, ruwa ya daina samuwa, silin ya tsira. A watan Agusta, da iska ke jiƙe, esi na zubar da ruwa fiye da yadda mai gida ke zato, kuma silin ɗin filasta ba ya yafiya.

Sai dai a kula, makunnin wuta mai ƙarfin am 3 kawai yake ɗauka. A esi da yawa irin na da, wutar kwampireso gaba ɗaya ta wayar nan take bi, kuma ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Nan dole a sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa don ya kunna babba, ya ɗauki nauyin. Esi mai infata kuwa, wato mai sauya gudun kwampireso da kansa, in ka yanke wayar da kansa na cikin ɗaki da na waje ke magana da ita, zai nuna lambar matsala a fuskarsa, to ka gaya wa mai gida tun da wuri kada ya ɗauka esi ya mutu. Shi kansa famfon a ba shi wutar da ba ta ɗaukewa in an kashe da rimot, ta fiyus mai am 1, don ya ƙarasa kwashe abin da ya rage.

Kafin in karɓi kuɗina, nakan matse tiyon fita, in tsiyaya ruwa da gora a tiren esi har kwampireso ya yi tsit. Ƙurar hunturu kuma na toshe 'yar matatar da ke cikin kwano, don haka a buɗe a wanke kafin damina ta faɗi.