Gargaɗi ga masu haɗa ƙananan gareji: akwai mai karɓar kuɗi da hotunan aikin wasu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar ƙananan motoci da garejin kwaikwayo. Akwai wani shafi da ke yawo a Facebook da Instagram yana tallata diyoramar garejin makaniki, wato ɗan ƙaramin garejin kwaikwayo da ake ɗorawa a kan tebur, wai aikin hannu ne an gama an tsufar da shi: kwano ya yi tsatsa, baƙin mai ya jiƙa daɓe, tsofaffin tayoyi jibge a kusurwa. Da ka nuna sha'awa sai ya ja ka zuwa WhatsApp. Don Allah kada wanda ya tura masa ko sisi. Ba zan kama suna ba, domin ya riga ya sauya sunan shafin, kuma sunan da ke kan asusun da yake karɓar kuɗi da shi mai yiwuwa na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Salonsa ne ba ya sauyawa, shi zan bayyana muku.

Wanda abin ya fara shafa a zaurenmu na masu wannan sha'awa wani ƙanenmu ne ɗalibi. Mahaifinsa tsohon makaniki ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin fijo 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, sai yaron ya yi niyyar ba shi kyautar ɗan gareji da 504 a ciki. Ya daɗe yana tara kuɗin. Mutumin ya nuna masa hotuna masu ɗaukar ido, ya ce ma'aunin 1:24 ne, wato an ƙanƙanta komai sau 24 daga girmansa na gaske, ya nemi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami don ya sayi kayan aiki. Bayan an tura sai labari ya sauya: wai fentin da zai yi tsatsar da shi daga waje yake zuwa, kwastam sun riƙe, sai an ƙara wani abu. Aka ƙara. Daga nan sai kuɗin mota da na direban da za a ba saƙon a tasha. Abin da ya iso hannun yaron a ƙarshe ɗan ƙunshi ne shafal, faifan roba guda huɗu da ake sarƙafawa, an buga musu hoton bango da hoton datti da na'ura, irin wanda ake sayarwa da araha a shagunan intanet na ƙasar Sin. Girmansa na ƙananan motocin wasan yara na Hot Wheels ne, wato 1:64. Da ya yi magana, mutumin ya toshe lambarsa. Wani ɗan'uwan kuma daga baya ya faɗa mana shi ko wannan robar bai samu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hotunan. Da muka sa su a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sai ga yawancinsu a shafukan masu wannan sana'a na Turai da Amurka, wasu an wallafa su shekaru da suka wuce. Mutane sun ɓata dare da rana a kan aikinsu, wani ya zauna da waya ya yanke sa hannunsu daga gefen hoto ya ce nasa ne. Ko ba a bincika ba ma, alamun suna nan ga mai lura. Teburin da ke ƙarƙashin kowane gareji daban ne, hasken ɗakin daban. A wani hoton soket ɗin da ke bangon ɗakin mai baki biyu ne irin na Amurka, alhali mutumin ya ce a nan gida yake aikinsa. Guda biyu kuma ba hoton aikin kowa ba ne, kwamfuta ce ta ƙirƙira su: sufanu sun narke cikin juna a jikin allon kayan aiki, rubutun da ke saman ƙofa ba ya karantuwa da kowane harshe, taya ɗaya notinta huɗu, 'yar'uwarta shida.

Maganar ma'auni ita ce ta fi saurin tona asirin irin waɗannan mutane, don lissafi ne da ba ya ƙarya. Tsawon fijo 504 kusan mita huɗu da rabi ne. A ma'aunin 1:18 zai zama santimita 25, a 1:24 kusan 19, a 1:43 goma da rabi, a 1:64 kuwa 7 kacal. Mutum mai tsayin mita 1.7 yana komawa santimita 7 a 1:24. Garejin da zai ɗauki mota biyu, a ce mita shida ta kowane gefe, daɓensa zai kai santimita 25 a 1:24, amma a 1:64 bai kai goma ba. Hoto ba ya nuna wannan bambancin, musamman idan an kwantar da waya a ƙasa an ɗauka, shi ya sa maƙaryaci ba ya son a ce ya ajiye rula a gaban aikin. Wanda ya gina da hannunsa kuwa lissafin yana kansa. Ka tambaye shi girman bulo ɗaya a bangonsa, zai ce maka bulon inci tara da magina ke aiki da shi tsawonsa milimita 450 ne, don haka ya zana nasa kusan milimita 19 da tsayin tara da ɗoriya. Da ɗaya daga cikinmu ya yi wa mai shafin irin wannan tambayar, amsarsa ita ce "duk daidai yake, Alhaji, ka tura kawai".

Tsufarwa kuma ita ce zuciyar wannan aiki, ita ce abin da ake biyan kuɗi dominsa, kuma ita ce abin da na'urar buga hoto ba ta iyawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin makaniki ya san datti ba ya zama barkatai, kowanne da dalilinsa. Tsatsa ba launi ɗaya ba ce. Tsohuwa baƙi-baƙi ce mai kaushi, sabuwa ruwan lemo ce, kuma tana bin hanyar ruwan sama, daga kan ƙusa ta gangara ƙasa a jikin kwano tana sirancewa. Baƙin mai yana taruwa ne daidai inda injin mota yake tsayawa, tsakiyarsa da ɗan sheƙi, gefensa ya sha ƙura ya dushe. Ƙurar hunturu tana kwanciya a saman abubuwa da cikin lungu, ba ta zama inda ƙafa ke bi kullum. Bakin ƙofa, daidai inda hannu ke kamawa, nan fenti yake fara goguwa. Mai yin aikin gaskiya yana bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, yana jiran kowane shafi ya bushe kafin ya ɗora na gaba. Idan yana son fenti ya ɓamɓare kamar na tsohuwar ƙofar ƙarfe, zai fara shafa launin tsatsa, ya ɗan jiƙa wurin, ya barbaɗa gishiri, ya fesa launin sama, bayan ya bushe ya goge gishirin da burushi, sai tsatsar ƙasa ta leƙo. Wasu man fesa gashi suke sa wa tsakanin fenti biyun, sannan su kankare da jiƙaƙƙen burushi. Ƙurar kuma allin zane ne ake gogawa a samfefa ya zama gari, ko ƙasa ta gaske a tankaɗe ta a kafe ta da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa.

Duk wannan yana da kauri, yana da kaushi, yana sauya kama idan haske ya sauya. Shi ya sa gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: ka ce mai sayarwa ya kira ka ta bidiyo, ya ɗaga garejin, ya karkata shi a gaban taga. Na gaske wurin mai zai ƙyalla, wurin ƙura ya tsaya a dushe, tudun tsatsa ya yi 'yar inuwa. Na bugawa gaba ɗayansa zai ƙyalla lokaci guda, don hoto ne a kan roba. Ka kuma ce ya juya maka bayansa da ƙasansa. Bayan aikin hannu ba ya da kyau, za ka ga tabon gam, zanen fensir, wayar fitila da aka liƙe da tef. Wannan munin shi ne shaida. Mai shafin nan duk wanda ya nemi kiran bidiyo sai ya ce kyamararsa ta lalace, ko kayan suna sito, ko yaronsa ya tafi da makulli.

Akwai wata tambayar da ke kama su. Yawancinmu da farin soson nan da ake tokare firji ko talabijin a cikin kwali muke yin daɓe da bango, ko allon soso mai takarda a fuska biyu. Duk wanda ya taɓa aiki da shi ya san fentin feshi na gwangwani yana narkar da shi, haka ma gam mai saurin kamawa, dole sai an fara rufe shi da farin gam ko fentin ruwa. Ka tambayi mai sayarwa da me ya yi daɓen kuma me ya fara shafa masa. Mai sana'a zai cika ka da bayani har ka gaji, don abin da yake so ke nan a tambaye shi.

Yanzu kuma ya ƙaro wani salon, yana tallata "cikakken kayan tsufarwa" na kamfanonin fenti Tamiya da Vallejo da AK Interactive a farashin da bai kai na kwalba biyu na gaske ba, wai a haɗa kuɗi a yi oda tare. Ku sani fentin ruwa na Tamiya, kamfanin da ke birnin Shizuoka a Japan, a 'yan kwalaben gilashi yake zuwa masu mililita 10 ko 23. Vallejo da AK, dukansu na Sifen, su ne aka sani da kwalaben roba masu tsinin baki. A hoton tallarsa akwai kwalbar roba mai tsini da tambarin Tamiya manne a jiki. Ya kuma yi alkawarin gwangwanayen feshi za su iso ta jirgin sama cikin kwana uku, alhali suna cikin kayan da ake ɗauka masu haɗari, ba a jefa su cikin saƙon jirgi haka nan. Batun kwastam kuwa, harajinsu ba a biyan sa cikin asusun wani mutum. Duk wanda ya ce ka tura "kuɗin kwastam" zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ka san inda aka dosa.

Ba ina cewa kada a sayi aikin kowa ba. Akwai matasa a cikinmu masu hannu, waɗanda suka taso da ƙera motar kara da ta langa-langa, yau suna yin garejin da za ka rantse hoton kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne. Su wannan mutumin ya fi cutarwa, domin duk wanda aka damfara sau ɗaya ba zai sake yarda ya ba wani kafin alƙalami ba, su kuma ba su da jarin da za su fara aiki ba tare da shi ba. Mai gaskiya ba ya jin haushi idan ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye gefen aikin ya ɗauka. Yana turo maka hoto a kowane mataki, daga yankan soso har shafin ƙarshe, a kan teburi ɗaya, hannun mutum ɗaya ne kuma a duk hotunan. Idan gari ɗaya kuke, ka je ka gani da idonka, a daina cinikin biri a sama. Idan nesa ne, a samu wanda ku biyun kuka yarda da shi ya riƙe kuɗin har kaya su iso.

Ga wanda kuɗinsa ba su kai ba, kamar ƙanen nan namu, kayan da ake buƙata suna kewaye da kai. Gwangwanin lemo idan aka yanka aka shimfiɗa aka danna shi da tsinke a kan abu mai layi-layi yana zama kwano. Tsinken sakace da sandar ashana suna zama katakon rufi, wayar wuta tana zama tiyo, murfin biro ya zama ganga. Kayan garejin da ke da wuyar ƙerawa, irin su jek da akwatin sufanu, kamfanin Fujimi na Japan yana yin su a ma'aunin 1:24, sai dai a saya a wurin da aka sani. Yanzu haka 'yan zauren ne suke taya yaron haɗa na mahaifinsa da irin waɗannan kayan.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge komai. Ka ɗauki hoton hirar tun daga farko, da rasit ɗin turawa, da shafin kansa kafin ya sake sauya suna. Ka je bankinka da wuri ka shigar da ƙorafi a rubuce, don jinkiri yana ba shi damar kwashe kuɗin, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, ka kuma kai ƙarar shafin ga Facebook da Instagram. Kada ka watsa lambar asusun ko hoton wanda sunansa ke kai a fili, hukuma za ka ba. Ku kula kuma da waɗanda za su biyo ku ta saƙon sirri su ce za su ƙwato muku kuɗinku idan kun ba su wani abu. Ɗan'uwan da bai samu komai ba ya ce washegarin ranar da ya yi ƙorafi a fili aka turo masa irin wannan saƙon.