Shagon Tsofaffin Kaya a Khobar da Katunan Besbol da Masu Saye Suke Tsallakewa

A wani layi na tsohuwar kasuwar Khobar, a ƙasar Saudiyya, akwai ƙaramin shago da ake sayar da tsofaffin sulalla, kan sarki da agogunan hannu, a can ƙuryarsa kuma akwai durowa biyu cike da katuna masu hotunan 'yan wasan besbol na Amurka, wato wasan da ake buga ƙwallo da sanda. Mai shagon dattijo ne, jikan Hausawan da suka zo aikin hajji suka zauna a Makka, shi kuma neman abinci ya kawo shi gabashin ƙasar. Hausarsa a gauraye take da Larabci, amma da zarar ya ji baƙo ya yi masa sallama da harshen gida, sai ya jawo masa kujera ya aika a kawo shayi. Ra'ayina shi ne darajar shagon nan tana cikin katunan da masu saye suke tsallakewa, ko da yake yadda ake adana su yana buƙatar gyara sosai.

Mai karatu zai iya mamakin abin da ya kawo irin waɗannan katuna ƙasar da ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Tun bayan da aka samu man fetur a Dammam a 1938, ma'aikatan kamfanin mai na Aramco 'yan Amurka suka zauna da iyalansu a Dahran, 'ya'yansu suka ci gaba da wasan da suka sani, har ƙungiyar yaran Dahran ta sha zuwa gasar yara ta duniya da ake yi a Williamsport, a jihar Pennsylvania. Idan iyali za su koma gida sukan sayar da tarkacensu, daga nan kwalayen katuna suke faɗowa kasuwar gwanjo, dattijon kuma ya daɗe yana tsintarsu.

Duk wanda ya ɗan san harkar nan ya ji labarin katin fitaccen ɗan wasa Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952, wanda aka sayar a gwanjo a watan Agusta na 2022 kan dala miliyan 12.6, wato fiye da riyal miliyan 47. Na tambayi dattijon ko ya taɓa riƙe irinsa.

"Ɗana, idan shi ka zo nema, ka ɓata hanya," in ji shi. "Amma buɗe durowar ƙasa ka gani."

"To, Baba," na ce, na durƙusa na jawo ta.

Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne jerin Topps Giants na 1964. Katuna 60 ne kacal, kowanne ya kai girman katin gaisuwa da ake aikawa ta gidan waya, tsawonsa ya ɗan haura inci biyar, alhali katin da aka saba tun 1957 bai wuce inci uku da rabi ba. Wannan girman ne ya rage masa farin jini, domin ba ya shiga ledojin da aka yi wa sauran katuna, sannan an buga shi da yawa, don haka masu neman abin da ya yi ƙaranci suka kau da kai. Amma hotunan suna da haske da tsabta, fuskar ɗan wasa ta cika katin, bayansa kuma an tsara shi tamkar shafin jarida, da kanun labari da ƙaramin hoto baƙi da fari. A jerin akwai Mantle ɗin kansa, da Willie Mays, da Hank Aaron wanda a 1974 ya karya tarihin da Babe Ruth ya kafa na yawan bugun da ake kira "home run", da Roberto Clemente, ɗan Puerto Rico da ya rasu a hatsarin jirgin sama a ranar ƙarshe ta 1972 yana hanyar kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nicaragua. Na daɗe ina riƙe da katin Clemente, domin sanin yadda rayuwarsa ta ƙare ya sa hoton ya fi ƙarfin abin wasan yara a idona. Katunan Mays da Sandy Koufax suna cikin waɗanda aka buga kaɗan a jerin, dattijon ya san haka, kuma ya faɗa mini tun kafin mu fara ciniki, abin da ya ƙara masa kima a wurina.

Sai katunan Post na 1961 zuwa 1963, guda 200 a kowace shekara. Ba a cikin takarda aka naɗe su ba. A bayan kwalin abincin karin kumallo aka buga su, yaro ne zai ɗauki almakashi ya yanke da kansa. Saboda haka hoto da bayanan ɗan wasa duk a fuska ɗaya suke, bayan katin kuwa kwali ne zalla. Idan ka kai ɗaya kusa da ido za ka ga inda hannun yaron ya karkace, ya ci gefen layin, a wani wurin ma ya gutsure harafi. Masu tantance katuna suna rage maki saboda wannan, ni kuwa shi ya ja ni, domin sawun mai kayan na farko ne.

Akwai kuma 'yan ƙwayoyi daga jerin Fleer na 1963, katuna 66 da aka sayar tare da biskit saboda Topps ya riga ya mallake damar haɗa kati da cingam, da kuma na Bowman na 1955 da aka zana kowane ɗan wasa a cikin akwatin talabijin, shekara guda kafin Topps ya saye kamfanin. Ba su da yawa a shagon, mafi yawansu kuma kusurwoyinsu sun lanƙwashe.

Inda zuciyata ta sosu shi ne wajen katunan Kellogg's, wani kamfanin abincin karin kumallo, waɗanda aka riƙa fitarwa daga 1970 zuwa 1983. Ban da na 1973, an lulluɓe fuskarsu da roba mai ƙananan layuka, wadda take sa a ga ɗan wasan ya fito fili, filin wasan kuma ya ja baya. Matsalarsu ita ce roba da takarda ba sa amsa zafi da danshi iri ɗaya, sai katin ya nannaɗe, daga baya ya tsage. Duk wanda ya taɓa yin bazara a gaɓar tekun nan ya san laimar da take sauka a Khobar, ga shi kuma dattijon yana kashe na'urar sanyaya ɗaki idan ya rufe shago. Na samu tarin waɗannan katuna an ɗaure su da roba, da yawansu da tsaga daga sama har ƙasa, har da na 1971, wanda ya fi sauran wahalar samu saboda a wannan shekara ba a sayar da cikakken jerin ta gidan waya ba, sai dai mutum ya tsince su ɗaya bayan ɗaya a cikin kwali. Wannan asara ce da 'yan ledoji da akwati mai murfi za su iya hanawa, na kuma faɗa masa haka cikin ladabi.

Abu na biyu da ban ji daɗinsa ba shi ne farashin durowar sama, wadda ta cika da katunan ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. A wancan zamani kamfanoni sun buga katuna fiye da kima, har yau kuma ba su da wata daraja a kasuwa, amma dattijon yana yi musu kuɗi daidai da na tsofaffin saboda sun fi sheƙi. Babu kuma katin da wani kamfanin tantancewa irin PSA ya duba ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, hasken shagon ma bai wadatar ba, saboda haka wanda zai saya ya zo da gilashin ƙara girma, ya nemi izini ya fito da katin bakin ƙofa, ya duba kusurwoyi da daidaiton hoto, ya tabbatar ba sabon bugu aka tsufar ba.

A wani ɓangaren kuwa, cinikin a fili yake. Ba a sayar da ƙunshi a rufe wanda mutum zai biya kuɗi bai san abin da ke ciki ba, kowane kati kana ganinsa kafin ka taya, kuma dattijon yana yin ragi ga wanda ya haɗa katuna da yawa. Wanda yake Dammam ko Khobar kuma yake son ya fara tarawa, shawarata ita ce ya fara da jerin 1964, domin katuna 60 abu ne da mai matsakaicin albashi zai iya bi a hankali, ya ɗauki na Post da yankansu bai ci rubutu ba, na Kellogg's kuwa kada ya biya sai ya juya katin a cikin haske ya ga babu tsaga. Shagon yakan buɗe bayan sallar la'asar, ya fi kyau kuma a je kafin magariba, lokacin da akwai sauran hasken rana a bakin ƙofa.